Yadda Za Ka Binciki Katantanwar Ruwa Mai Yaɗa Tsargiya

Duk ƙauyen da ka ga yara suna fitsarin jini, akwai katantanwa a ruwan da suke shiga. Tsargiya ba ta tsallakawa daga mutum zuwa mutum kai tsaye, sai ta bi ta jikin katantanwa. Mai ciwon zai yi fitsari ko bayan gida a bakin ruwa, ƙwan tsutsar ya ƙyanƙyashe, ɗan abin da ya fito ya nemi katantanwa ya shige ta. A cikinta zai yi wata guda zuwa makonni shida yana hayayyafa, sannan dubban 'ya'yan tsutsa su fito su bazu cikin ruwa, su huda fatar duk wanda ya tsoma ƙafa. Ana raba wa yara maganin firazikwantel a makarantu, kuma yana aiki. Amma yaron da ya sha magani yau zai koma kanal ɗin nan, wato hanyar ruwan noman rani, gobe, katantanwar kuma tana nan inda ya bar ta.

Ni malamin ilimin halittu ne a wata makarantar sakandare a yankin noman ranin Kadawa, inda ruwan madatsar Tiga, wadda aka kammala a 1974 zamanin Gwamna Audu Bako, yake ratsa gonakin Kura da Bunkure da Garun Malam. Ruwan nan shi ya ba mu shinkafa da tumatir da alkama, shi kuma ya ba katantanwa wurin zama rani da damina. Haka ta faru a Gana bayan an datse kogin Bolta a Akosombo, haka kuma a Sanagal bayan madatsar Diyama ta 1986, inda tsargiyar hanji ta ɓarke a garin Richard Toll cikin 'yan shekaru. Ina fita da ɗalibaina bakin ruwa don wannan aiki, kuma na rubuta wannan ne don malami irina, da ɗalibin jami'a mai neman abin da zai yi bincike a kai, da ma'aikacin lafiya na karkara.

Wannan fanni yana da suna, malakoloji, wato nazarin halittu masu taushin jiki. Daga kalmar Girkanci malakos aka samo shi, mai nufin taushi, kuma wani masani Bafaranshe, Blainville, shi ya yaɗa sunan da littafinsa na 1825. Kafin nan yawancin masu sha'awar abin kwanso kawai suke tarawa, su jera a akwati. Sabon fannin ya ce a duba dabbar kanta, da yadda take rayuwa. Dangin suna da yawa, sun haura nau'i 70,000: dodon koɗin da yara ke murza kwansonsa, kumbar kogi, wurin da kakanninmu suka yi ciniki da shi wanda ake kwasowa tun daga tsibiran Maldibs, har da halittar tekun nan mai hannu takwas. Mu dai ƙananan na ruwan daɗi ne a gabanmu. Likita Bajamushe Theodor Bilharz ya ga tsutsar tsargiya a Alƙahira a 1851, amma sai a 1915 Robert Leiper ya tabbatar a Masar cewa ta katantanwa take bi, ya kuma nuna ta mafitsara da ta hanji kowace da irin katantanwarta. Shekara sittin da huɗu ke nan ana ganin tsutsar a Masar ba a san hanyarta ba.

Kayan aiki da kariyar jiki

Ba ka bukatar kuɗi mai yawa. Ka sayi matacin ƙarfe na kicin mai ƙananan ramuka, ka kai wa mai walda ya haɗa shi da bututun ƙarfe ko ka ɗaure shi tam a jikin gora mai tsawon mita ɗaya da rabi zuwa biyu. Tsawon nan shi ne kariyarka ta farko, don da shi za ka tsaya a kan tudu ka kai inda kake so. Sai takalmin ruwa mai kaiwa gwiwa wanda ba ya yoyo, safar hannu ta roba mai kauri irin ta wanke-wanke, hantsaki, farin faranti ko tire, ƙananan robobi masu murfi da ka huda wa ramukan shan iska, auduga, fensir, littafin rubutu, tawul busasshe, da kwalbar sifirit.

Ka gwada takalmin a gida cikin bokitin ruwa kafin ka fita. A kan wannan ba na sassauta wa kowa: ɗalibin da ba shi da takalmi da safa, aikinsa riƙe littafi ne a kan tudu. 'Ya'yan tsutsar nan ba sa bukatar rauni ko tsaga a fata, cikin 'yan mintuna suke shiga. In ruwa ya fantsamo maka, ka goge wurin nan take da tawul da ƙarfi, ka shafa sifirit. In kuwa ka zame ka faɗa ciki, kada ka ruga ka sha magani washegari, domin firazikwantel ba ya kashe tsutsar tana ƙarama. Ka jira makonni shida zuwa takwas, ka je asibiti a gwada fitsari da bayan gida.

Kafin ka tsoma mataci a ruwan kowane gari, ka fara zuwa gaishe da mai unguwa. Ka ce masa, "Ranka ya daɗe, mun zo duba katantanwar da ke kawo wa yara tsargiya ne, ba za mu zuba komai a ruwa ba." Jimlar ƙarshen nan tana da muhimmanci, don mutane suna da hakkin su tsorata in sun ga baƙi da safar hannu a inda suke ɗiban ruwa. Kuma a wurinsa za ka samu wanda zai nuna maka wuraren da ake shiga ruwa da gaske.

Inda za ka duba

Ba ko'ina a kanal ake nema ba. Ka bi sawun mutane: inda mata ke wanki, inda yara ke iyo bayan an tashi daga makaranta, inda ake wanke babur, inda manomi ke tsayawa cikin ruwa ya kafa injin ban ruwa, mashayar shanu, da inda ake tsallakawa da ƙafa. Katantanwa mai ciwo a inda ba kowa ke zuwa ba ba ta dame mu sosai ba.

Waɗannan halittu ba sa son ruwa mai gudu da ƙarfi. A babban kanal mai siminti da ruwa ke gudu, da wuya ka samu da yawa sai a kusurwoyi da bakin ƙofofin ruwa inda shara ke taruwa. Ƙananan hanyoyin ruwa na ƙasa da ke shiga gonaki, da magudanan da ke kwashe ragowar ruwa, da tafkunan ajiya, nan ne gidansu. Ka juya ganyen bado ka duba bayansa. Ka duba saiwar kainuwa, da gindin kacala, da ruɓaɓɓen ganyen mangwaro, da karan rake da ya jiƙa. Kada ka raina tsohuwar leda ko buhun taki da ya nutse, don sau da yawa a jikinsu nake samun mafi yawa. Gansakukar da ke mannewa a leda ita suke kankara su ci.

Kududdufin bayan gari, wanda aka haƙa don ƙasar gini, shi ma kada ka wuce shi don kana ganin yana ƙafewa da rani. Akwai nau'in Bulinus senegalensis da ya saba da irin wannan wuri a ƙasashen Sahel. In ruwa ya janye sai ta shige cikin laka ta lafe har ruwan sama ya dawo, sannan ta fito ta cika kududdufin cikin 'yan makonni. Kowace ɗaya tana da gaɓoɓin namiji da na mace, saboda haka ko guda ce ta tsira tana iya sake kafa zuriya.

Ka fita da safe, ka gama kafin rana ta take. 'Ya'yan tsutsar da ke kama mutum sun fi fitowa daga wajen ƙarfe goma zuwa biyu na rana, daidai lokacin da zafi ke kora yara cikin ruwa.

A kowane wuri ka ware minti goma sha biyar, mutum ɗaya, mataci ɗaya. Ka cusa matacin ƙarƙashin ciyawa, ka girgiza, ka ɗago, ka ɗauraye lakar a cikin ruwan, ka juye a farin faranti, ka tsince da hantsaki. Tsayar da lokacin shi ke ba lissafinka daraja. In yau ka yi minti goma da mutum uku, wata mai zuwa ka yi awa guda kai kaɗai, ba ka da abin da za ka kwatanta. Kowane wuri da robarsa. Ka shimfiɗa auduga mai danshi a ciki ka ɗora su a kai, kada ka cika robar da ruwa, don a ruwan da ya ɗumame cikin rufaffiyar roba suna mutuwa kafin ka isa makaranta. Ka ajiye su a inuwa.

Tun kana tsaye a wurin ka rubuta kwanan wata, lokaci, sunan da mutanen gari ke kiran wurin, lambobin taswira daga wayarka, irin ciyawar da ke ciki, ko ruwan na gudu ko a tsaye yake, da abin da ka tarar mutane na yi. In ba ka samu ko ɗaya ba, ka rubuta sifili. Ɗalibai suna jin kunyar sifili, suna ganin kamar sun gaza, alhali sifilin watan Afrilu ne zai ba adadin watan Nuwamba ma'ana.

Rabe su

Nan ne aikin yake da daɗi, nan kuma ake yawan kuskure. Ka ɗauki katantanwa da hantsaki, ka sa tsininta ya kalli sama, ƙofar kwanson ta fuskance ka. Tambaya ta farko: tana da murfi? Wasu suna da ɗan faifan murfi mai tauri da suke rufe ƙofa da shi in sun shige. Duk mai murfi a ruwanmu ka ware ta gefe, ba ta ɗaukar tsargiyar mutum. A cikinsu akwai manyan nan Pila da Lanistes, da doguwar nan mai tsini da ƙuraje-ƙuraje a jiki, Melanoides tuberculata, wadda za ka samu da ɗimbin yawa a ƙasan kanal. Mutanen gari za su yi ta kawo maka manyan suna cewa ga masu laifin. Ka karɓa ka gode, ka nuna musu ƙananan.

In ba ta da murfi, sai ka dubi siffarta. Wadda take a shimfiɗe, a nannaɗe kamar gammo, ba ta da tsini ko kaɗan, faɗinta wajen santimita ɗaya zuwa ɗaya da rabi, wannan Biomphalaria ce, kuma a yankinmu galibi Biomphalaria pfeifferi. Ita ke ɗaukar Schistosoma mansoni, tsargiyar hanji, wadda ba ta sa fitsarin jini amma tana lalata hanta a hankali har ciki ya kumbura. Ta fi son ruwan da ba ya ƙafewa. Akwai wasu 'yan mitsi-mitsi masu irin wannan nannaɗi da ba su kai rabin santimita ba, sirara ƙwarai. Waɗannan wasu dangi ne daban, kada ka lissafa su da ita.

Wadda take da tsini kuma, ka dubi ɓangaren da ƙofarta take. In ƙofar tana hannun damanka, kwanson siriri ne mai faɗin baki, ƙahonnin dabbar kuma faffaɗa ne masu kusurwa uku, Lymnaea natalensis ce. Ba ruwanta da tsargiya, amma ita ke ɗaukar tsutsar hantar shanu da tumaki, wadda mahauta ke gani in sun yanka hanta. Ka rubuta adadinta, likitan dabbobi zai so ya sani.

In ƙofar tana hannun hagu, to ka nutsu. Mai yiwuwa Bulinus ce, mai ɗaukar Schistosoma haematobium, tsargiyar mafitsara. Masu ƙiba, zagayayyu, masu gajeren tsini, da tsayinsu bai cika wuce santimita ɗaya zuwa biyu ba, su ne Bulinus truncatus da Bulinus globosus. A globosus, in ka duba ginshiƙin da ke gefen ƙofa ta ciki za ka ga kamar an datse shi daga ƙasa. Sirara masu dogon tsini kuma su ne Bulinus forskalii da senegalensis, waɗanda rabe su da ido yake da wuya ko ga gwanaye. Sai dai akwai wata baƙuwa, Physa acuta, da ita ma ƙofarta hagu take, kuma ta bazu a ruwaye masu datti a Afirka. Kwansonta ya fi santsi da sheƙi, tsininta ya fi kaifi, tana kuma tafiya da sauri. Hanya mafi tabbas ita ce jini. Bulinus da Biomphalaria jininsu ja ne, don suna da sinadarin da ke sa namu ja. In ka latse guda a kan farar takarda za ka ga ja-ja. Na Physa ba shi da wannan launi.

Shawarata ga mai farawa ita ce ya tsaya a sunan dangi. Ka rubuta Bulinus mai ƙiba ko Bulinus siririya, ya fi maka ka ƙaƙaba sunan nau'in da ba ka tabbatar ba. Na sha ganin rahoton ɗalibai cike da cikakkun sunayen Latin da aka kwafo daga hoton intanet, kuma irin wannan rahoto yana ɓatar da wanda zai zo bayanka. In kana da hanyar samun littafin David Brown na gidan tarihin halittu na Landan a kan katantanwar ruwan daɗi ta Afirka, wanda aka sake bugawa a 1994, shi ne madogarar masu wannan aiki. Ka ajiye wasu daga kowane rukuni a cikin itanol mai ƙarfi, wato irin sifirit ɗin ɗakin bincike, ka rubuta wuri da kwanan wata da fensir a 'yar takarda ka jefa cikin kwalbar. Tawadar biro tana narkewa, takardar da aka manna a waje kuma tana ɓallewa.

Gwajin haske

Samun Bulinus bai nuna cewa tana ɗauke da ciwo ba. Don ka sani, ka sa kowace ɗaya ita kaɗai a ɗan ƙaramin kofi mai haske, ko a ramukan farantin ƙanƙara na firji, ka zuba ruwa kaɗan da zai rufe ta. Ruwan rijiya ko na burtsatse da ya kwana za ka yi amfani da shi, ban da ruwan famfo mai sinadarin kulorin. Ka ajiye su inda haske yake sosai, bakin taga ko ƙarƙashin ƙwan lantarki, daga hantsi har awa biyu zuwa huɗu. Kada ka bar su a tsakiyar rana ruwan ya yi zafi.

Daga nan ka ɗaga kofin ka sa baƙin kyalle ko baƙar takarda a bayansa. In akwai 'ya'yan tsutsa za ka ga 'yan fararen ɗigo suna motsi, su yi sama da sauri, su tsaya, su sauko a hankali. Madubin ƙara girma na hannu zai nuna maka su, amma sai da maikuroskof za ka ga siffarsu. Ka ɗebi ɗigo guda da bututun ɗiga magani, ka ƙara masa ɗigon aidin, zai kashe su ya kuma rina su. Abin da kake nema shi ne wutsiya mai reshe biyu a ƙarshe, da kai marar ɗigon ido. Masu wutsiya guda, waɗanda za ka fi gani, na kwaɗi ne da tsuntsaye da dabbobi. Masu reshe biyu da baƙaƙen ɗigon ido su ma ba namu ba ne.

Ko ka ga mai reshe biyu marar ido daga Bulinus, kada ka yi saurin cewa ta mutum ce. Tsargiyar shanu, Schistosoma bovis, tana bin irin wannan katantanwa, kuma 'ya'yanta ba su da bambanci da na mutum a ƙarƙashin maikuroskof. Sai gwajin ƙwayoyin gado a babban ɗakin bincike ke raba su. Abin da za ka rubuta shi ne ka samu 'ya'yan tsutsa na dangin Schistosoma, ka kuma ambata ko shanu na sha a wurin.

Galibi 'yan kaɗan ne cikin ɗari za su fitar da wani abu, wani lokaci ma babu ko ɗaya. Wannan bai wanke ruwan ba. Katantanwa guda mai ciwo tana iya fitar da ɗaruruwa kowace rana har tsawon makonni. Kuma wadda tsutsa ta shiga jiya ba za ta nuna komai yau ba. Saboda haka ka riƙe su a roba mai faɗi, kana ba su busasshen ganyen latas kaɗan, kana canja ruwa, kana maimaita gwajin duk mako har wata guda ko fiye.

Ruwan gwajin nan ya fi na kanal haɗari, don a ɗan kofi ka tara su. Safa a hannu koyaushe. In ka gama, ka zuba masa bilic ko tafasasshen ruwa kafin ka zubar. Katantanwar da ta rage kuma ka kashe ta da ruwan zafi. Kada ka mayar da ita ruwa, balle ka zuba ta a wani kududdufin da ba nan ka samo ta ba.

Fita ɗaya ba ta isa. Ka riƙa komawa wuraren nan duk wata har shekara ta zagayo, sannan za ka ga lokacin da suke yawa da lokacin da suke raguwa, da yadda buɗe ruwa da rufe shi ke shafarsu. Wannan jadawali ka kai kwafinsa sashen lafiya na ƙaramar hukuma, ka kai wa mai unguwa bayaninsa da baki.

Za a tambaye ka maganin kashe su. Akwai niklosamaid, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da shi, amma yana kashe kifi da kwaɗi, kuma aikin hukuma ne da ma'aikatan da aka horar. Wani zai ce maka ya ji aduwa na kashe su, kuma gaskiya ne: tun 1933 wani likita mai suna Archibald ya nuna haka a Sudan da 'ya'yan aduwa. Sai dai ita ma tana kashe kifi, kuma ka riga ka yi wa mai unguwa alkawarin ba za ka zuba komai ba. Abin da nake gaya wa manoma shi ne abin da ke hannunsu: a yashe ƙananan hanyoyin ruwa, a cire ciyawa da leda a watsa su can kan tudu su bushe, a bar hanyar ta ƙafe ƙaf tsakanin ban ruwa in zai yiwu. Ga iyaye mata kuma, ruwan kanal da aka ɗebo don wanka a bar shi ya kwana biyu a mazubi kafin yaro ya taɓa, domin 'ya'yan tsutsar ba sa wuce haka da rai in ba su samu fata ba.